BABI NA BIYU: TARIHIN TASWIRA DA NEMAN HANYA A KUDANCIN GARIN KADUNA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda mazauna kudancin Kogin Kaduna suke gane hanya da kwatanta wuri, tun daga kafuwar garin har zuwa shigowar na'urar GPS da manhajojin nuna hanya waɗanda ake sanyawa a kwamfutar aljihu da wayar salula. Abin da ya jawo hankali ga wannan batu shi ne tambayar da mai sayen irin wannan na'ura kan fara yi, wato wace manhaja ce mai araha wadda za ta kai shi inda ya nufa. Babin zai nuna cewa ba a iya amsa wannan tambaya ta duban farashi kawai, domin kowace manhaja tana aiki ne da taswirar da aka ɗora ta a kai. Ita kuwa taswirar kudancin Kaduna tana da tarihinta, kuma a mafi yawan wannan tarihi garin ne yake gaba, taswira tana biye da shi a baya.

Ya kamata a fayyace farfajiyar nazarin tun daga farko. Idan aka ce kudancin Kaduna a nan, ana nufin unguwannin da ke ƙetaren kogi, irin su Kakuri da Maƙera da Barnawa da Nasarawa da Narayi da Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora. Wannan ya sha bamban da Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, wadda hedkwatarta take Maƙera amma ta ƙunshi Tudun Wada da ke arewacin kogi. Haka kuma da yawa daga cikin unguwannin da aka ambata suna ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Chikun ne, mai hedkwata a Kujama. Ya kuma sha bamban da yankin Kudancin Jihar Kaduna, inda Kafanchan take.

2.1 Kafuwar Gari da Taswirar Farko

Kaduna ba ta cikin tsofaffin biranen ƙasar Hausa masu ganuwa da ƙofofi irin su Kano da Katsina da Zariya. Kafin zuwan Turawa, ƙauyukan Gwari ne suke warwatse a gefen kogin. Layin dogo ne ya fara ɗaga darajar wurin, domin hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a shekarar 1911 ta ƙetare Kogin Kaduna ne a nan. Ganin akwai ruwa da fili da kuma jirgi ya sa Gwamna Lugga ya zaɓi wurin ya zama mazaunin gwamnatin Arewa, aka kuwa taso da hedkwata daga Zungeru zuwa Kaduna a shekarar 1917.

Wannan asali yana da muhimmanci ga batun taswira. Gari ne da aka fara zanawa a takarda kafin a gina shi. Ma'aikatan safiyo sun auna fili, sun yanka tituna, sun keɓe unguwar Turawa da barikin soja da ofisoshin gwamnati da wuraren zaman ma'aikata 'yan ƙasa. Sai dai kusan duk wannan aiki a arewacin kogi aka yi shi. Abin da ya fi damun hukuma a kudanci shi ne tashar jirgin ƙasa da gidajen ma'aikatanta, musamman bayan da layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan ya haɗu da na Legas a nan kafin ƙarshen shekarun 1920. Ƙauyukan da ke kewaye da tashar kuwa, in ma sun fito a taswira, suna kawai akan rubuta, ba tare da an nuna lunguna da hanyoyinsu ba. Ke nan tun daga tushe aka sami gari guda mai fuska biyu, ɗaya a aune, ɗaya kuma ba a auna ba.

Wani abin lura shi ne ma'aunin da aka gina taswirorin Nijeriya a kai. Masu safiyo na zamanin Turawa sun ɗauki wani wuri kusa da Minna a matsayin tushen awo, daga nan ake lissafa matsayin kowane wuri a ƙasar. Za a ga tasirin wannan a gaba, idan aka zo bayanin GPS.

2.2 Zamanin Masana'antu da Bunƙasar Kudanci

Kudancin Kaduna ya fara bunƙasa sosai ne a lokacin Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, yayin da aka keɓe Kakuri domin masana'antu. A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, daga baya a shekarun 1960 wasu masaƙun suka biyo, irin su Nortex da Arewa Textiles da United Nigerian Textiles. A 1964 aka kafa ma'aikatar ƙera makamai ta DICON, a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, sannan a 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna a kudu maso gabashin garin.

Waɗannan masana'antu sun jawo dubban ma'aikata daga sassa daban-daban na ƙasar nan, kuma kowanne yana buƙatar wurin kwana kusa da wurin aikinsa. Da yake gidajen da hukuma ta tanada ba su wadatar ba, sai mutane suka riƙa sayen filaye daga hannun masu gonaki da masu unguwanni, suna gini gwargwadon ƙarfinsu. Ta haka ne Maƙera da Nasarawa da Kurmin Gwari suka cika, ba tare da an yanka musu tituna bisa tsari ba. Hanyar da aka bari tsakanin gida da gida ita ce ta zama layi, layin kuma ba shi da suna a littafin kowace ma'aikata.

Gwamnati ba ta rasa sanin wannan matsala ba. A tsakiyar shekarun 1960 ta ɗauko wani masanin tsara birane ɗan Ingila mai suna Max Lock, shi da abokan aikinsa suka yi nazarin garin baki ɗaya, aka buga rahotonsu a 1967 ɗauke da tsarin da ake fatan bi har zuwa 2017. Sai dai a shekarar da rahoton ya fito ne aka rushe Jihar Arewa aka ƙirƙiro jihohi, yaƙin basasa kuma ya ɓarke. Kaduna ta koma hedkwatar Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sauya wa suna zuwa Jihar Kaduna a 1976. Saboda haka ba a aiwatar da tsarin yadda aka zana shi ba, garin kuwa ya ci gaba da faɗaɗa ta hanyar Kachiya da hanyar Abuja. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta mayar da ikon filayen birni hannun gwamna, amma hakan bai hana cinikin fili da takardar mai unguwa ba.

Daɗin daɗawa, rikicin da aka yi a watan Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 sun sa mutane da yawa sun sauya mazauni, kowa yana neman inda zai fi samun kwanciyar hankali. Wasu sun ƙetara daga kudu zuwa arewa, wasu kuma daga arewa zuwa kudu. Wannan ƙaura ta sa unguwanni irin su Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora da Kamazo suka faɗaɗa cikin ƙanƙanin lokaci. A daidai wannan zamani ne kuma masaƙun Kakuri suka shiga durƙushewa, Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles kuma ta dakatar da aiki a 2007. Ke nan a lokacin da na'urar nuna hanya take shigowa kasuwannin duniya, kudancin Kaduna yana cikin sauyin da duk wata taswira da ke hannu ba ta san da shi ba.

2.3 Kwatance da Sunayen Wurare

Rashin taswira bai hana mutane zirga-zirga ba, domin Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Abin da jama'a suka dogara da shi shi ne kwatance. Alal misali, akan ce wa baƙo ya sauka a bakin kasuwa, ya bi layin da ke gefen taransifoma, ya wuce coci ko masallaci, sai ya tambayi gidan wane. Direbobin bas da masu Keke Napep su ma da sunayen tashoshi da mahaɗar hanyoyi suke aiki, kamar mahaɗar Peugeot da garejin Television, ba da sunayen titunan da hukuma ta raɗa ba.

Wannan tsari yana da amfaninsa, yana kuma da rauninsa. Amfaninsa shi ne ba ya buƙatar kuɗi ko karatu, kuma yana sabunta kansa, domin da zarar an gina sabon gidan mai sai ya zama abin kwatance. Rauninsa kuwa shi ne ya dogara ga samun wanda za a tambaya. Da tsakar dare, ko lokacin da ake neman kai mai naƙuda asibiti, ko lokacin da motar kashe gobara take neman gida, jinkirin tambaya yana iya jawo asarar rai ko dukiya.

Har ila yau akwai matsalar rubuta sunaye. Kalmar unguwa kaɗai ana samun ta a allunan shaguna da takardu da siga daban-daban, wani ya rubuta Unguwan, wani Ungwan, wani Angwan, wani kuma ya taƙaita ta da harafin U. Haka Tirkaniya, wadda ake yawan rubutawa Trikania. Bugu da ƙari, suna guda kan maimaitu a garuruwa da yawa, domin akwai Nasarawa a Kaduna, akwai ta a Kano, ga kuma jiha mai wannan suna. Mutum yana gane abin da ake nufi daga yanayin magana, amma na'ura abin da aka rubuta mata take nema, harafi bayan harafi.

2.4 Samuwar GPS da Yadda Take Aiki

Ma'aikatar Tsaron Amurka ce ta fara aikin GPS a 1973 domin amfanin sojojinta, aka harba tauraron ɗan'adam na farko a 1978. Bayan da Tarayyar Sobiyet ta harbo wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu da ya kauce hanya a 1983, Shugaba Reagan ya yi alkawarin barin farar hula su yi amfani da tsarin. A 1995 aka bayyana cewa ya kammala da taurari 24, waɗanda ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana.

Kowane tauraro yana aiko da saƙo mai ɗauke da lokaci da kuma matsayinsa. Na'urar da ke hannun mutum tana lissafa tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta gane nisan da ke tsakaninta da tauraron. Idan ta sami saƙo daga taurari huɗu ko fiye, sai ta fitar da lambobin da ke nuna inda take. A farko da gangan ake gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har kuskure kan kai mita 100. A watan Mayun 2000 Shugaba Clinton ya ba da umarnin daina hakan, kuskuren ya ragu ƙwarai, wannan kuwa shi ya buɗe kasuwar na'urorin nuna hanya a mota.

Abu biyu ya kamata a riƙe a nan. Na farko, karɓar saƙon tauraro kyauta ne, ba ya buƙatar layin waya. Na biyu, abin da GPS take bayarwa lambobi ne kawai, ba ta san sunan titi ko unguwa ba. Taswira ce take fassara lambobin su zama wuri. Ita kuma GPS tana aiki ne da ma'aunin duniya da ake kira WGS 84, wanda ya bambanta da na Minna da aka ambata a baya. Idan aka ɗora lambobinta a kan tsohuwar taswirar safiyo ba tare da an daidaita ba, wuri kan goce da mita gommai. A unguwa mai cunkoso kamar Maƙera, wannan tazara ta isa ta mayar da mutum wani layi daban, a harkar fili kuwa ta isa ta haddasa shari'a tsakanin maƙwabta.

2.5 Zamanin Kwamfutar Aljihu

Kafin wayoyin zamani, akwai ƙananan kwamfutoci da ake sanyawa a aljihu, ana latsa fuskarsu da ɗan tsinke. Palm Pilot ta fito a 1996, a shekarar 2000 kuma kamfanin Microsoft ya fito da tsarin Pocket PC, wanda na'urori irin su iPAQ suke aiki da shi. A 2002 kamfanin TomTom na ƙasar Holan ya fitar da manhajar nuna hanya domin irin waɗannan na'urori, a 2003 kuma Garmin ya fitar da iQue 3600, wadda aka haɗa mata GPS a jikinta.

Mai son amfani da wannan fasaha a wancan lokaci yakan sayi abu uku ne, wato kwamfutar, da ƙaramar na'urar karɓar saƙon tauraro, da kuma manhaja tare da taswirarta. A Turai da Amurka muhawarar masu saye ita ce wace manhaja ta fi araha, domin dukkansu suna ɗauke da titunan garuruwansu. A Kaduna lamarin ya sha bamban. Kamfanonin da ke sayar da taswira sun fara ne da ƙasashen da suke da masu saye da yawa, don haka wanda ya shigo da na'urar daga waje yakan iske manyan hanyoyin ƙasa kawai take nunawa, in ma ta nuna. Da zarar ya sauka daga hanyar Kachiya ya shiga Narayi, sai ya ga ɗigon da ke nuna shi yana tafiya a kan farin fili. Saboda haka waɗanda suka ci moriyar GPS a wannan zamani su ne masu safiyo da injiniyoyi da masu haƙar rijiyar burtsatse da ɗaliban fannin awon ƙasa, irin na Kwalejin Nazarin Muhalli ta Kaduna Polytechnic da ke Barnawa, domin su lambobin suke buƙata.

2.6 Wayar Salula da Taswirar Kyauta

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a watan Agustan 2001, kuma ita ce ta gaje kwamfutar aljihu. A 2004 aka kafa OpenStreetMap a Ingila, taswirar da kowa yake da damar zanawa da gyarawa. Google Maps ta fito a 2005, a 2008 kuma kamfanin ya buɗe Map Maker, inda mazauna wuri suke shigar da titunansu da kansu, har zuwa 2017 da aka rufe shi. A farkon 2010 Nokia ta mayar da manhajarta ta nuna hanya kyauta a wayoyinta. Daga nan sayen manhaja da tsada ya fara zama tarihi, musamman da wayoyin Android masu sauƙin kuɗi suka cika kasuwa.

Abin da ya sauya lamarin kudancin Kaduna shi ne hoton tauraron ɗan'adam. Da shi ake iya ganin layi a zana shi ko da hukuma ba ta taɓa auna shi ba. An ga amfanin wannan dabara a Arewa lokacin yaƙi da cutar shan inna, inda a farkon shekarun 2010 aka zana taswirar ƙauyuka da unguwanni daga hotunan sama, aka kuma ba masu allurar rigakafi wayoyi masu GPS domin a tabbatar da inda suka shiga, musamman a Jihar Kano. Sai dai hoto yana nuna layi ne, ba ya faɗin sunansa. Wannan ne ya sa har yanzu ake samun layuka a taswirar waya waɗanda ba su da suna, ko masu sunan da mazauna wurin ba su san shi ba.

A ɓangaren hukuma, an sake duba tsarin Max Lock a 2010. A ƙarshen 2015 kuma, zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i, aka kafa hukumar KADGIS domin mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta da bayar da takardun mallaka. Daga nan shiga taswira ya zama abin da ya shafi dukiyar mutum kai tsaye, domin filin da aka auna aka yi wa rajista ya fi wanda ke da takardar mai unguwa kawai kariya a gaban doka.

2.7 Abin Lura Wajen Zaɓen Manhaja

Ta la'akari da tarihin da ya gabata, za a iya fitar da ma'aunan da suka dace da mazaunin kudancin Kaduna. Na farko shi ne ya gwada manhajar da unguwarsa, ya ga ko ta san layinsa da kasuwarsa da asibitin da ya fi kusa da shi, ya kuma gwada sunan da rubutu daban-daban. Na biyu shi ne kuɗin data, domin a yau nan ne tsadar ta koma. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps, waɗanda ke amfani da OpenStreetMap, suna bari a sauke taswira sau ɗaya a riƙa aiki da ita ba tare da intanet ba, Google Maps ma tana da irin wannan dama tun 2015. Na uku shi ne ƙarfin wayar da batirinta, ganin yadda wutar lantarki ba ta tsayawa. Na huɗu shi ne ko manhajar tana karɓar gyara daga masu amfani da ita, domin garin da ke faɗaɗa kullum yana buƙatar taswirar da mazaunansa za su iya sabuntawa. Na biyar, taswira ba ta san hanyar da ruwa ya yanke da damina ba, ko wadda ba a bi da dare, don haka ba ta ɗauke wa matafiyi tambayar 'yan gari ba.

2.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda aka fara auna arewacin Kaduna aka bar kudancinta, da yadda masana'antun Kakuri da ƙaurar da ta biyo bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 suka haifar da unguwannin da taswira ba ta riske su ba. An kuma yi bayanin samuwar GPS da kwamfutar aljihu da wayar salula, aka nuna cewa farashin manhaja ya sauka har ya zama kyauta, amma ingancinta ya ci gaba da dogara ga taswirar da ke ƙarƙashinta. Aikin da ya rage shi ne na tattara sunayen da jama'a suke kiran wurarensu da su, a daidaita rubutunsu bisa ƙa'idar Hausa da ta sauran harsunan yankin, sannan a shigar da su taswira. Wannan aiki ne da ya shafi masu nazarin harshe kamar yadda ya shafi masu safiyo. Babi na gaba zai dubi waɗannan sunaye ɗaya bayan ɗaya, da asalinsu da kuma yadda ake rubuta su.